Lokaci Bai Yi Ba: Jiran Mahadi da Hanyar Gabas a Daular Sakkwato

A watan Afrilu na 1903, lokacin da manomin ƙasar Hausa ke sharar gona yana duban gabas ko hadari zai haɗo, hafsoshin Ingila da ke bin sawun Sarkin Musulmi Attahiru suka riƙa aika wa Gwamna Lugga rahotannin da su kansu suka ɗaure musu kai. Sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, kafin mako ya zagayo sun naɗa sabon Sarkin Musulmi. A lissafinsu magana ta ƙare. Sai ga shi mutumin da suka kora, wanda ba shi da gari, ba shi da baitulmali, bai ma san inda zai kwana gobe ba, duk inda ya ratsa sai ƙauyuka su kwashe su bi shi. Da sarakai da malamai ne kaɗai suka bi shi da ba a yi mamaki ba, tunda su mulki ya kuɓuce wa. Talakawa ne suka rikita lissafin: manoma da masaƙa, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna, har da bayi. Sun bar rumbu da abin da ke ciki, sun bar gona ana gab da shuka, sun fuskanci gabas.

Wanda ya san manomi ya san ba ƙaramin abu ke raba shi da gonarsa a bakin damina ba. Tsoron Nasara yana ciki, babu shakka. Amma tsoro watsa mutane yake yi, kowa ya nufi dajin da ya fi kusa da shi; ba ya jera dubban mutane a kan turba ɗaya. Abin da ya jera su wani tsammani ne da aka yi shekara 100 ana renonsa a zauruka da kasuwanni, cewa wata rana jama'ar Shehu za ta tashi ta yi gabas, ta sadu da Mahadi a wajen Kogin Nilu. Tarihin wannan tsammani nake so mu bi, domin ban san wani abu a tarihinmu da ya fi shi nuna irin aikin da jiran gobe ke yi a kan yau ba.

Hausa ta bambanta fata da tsammani. Fata abin da zuciya ke so ne ko da babu alamarsa. Kana iya yi wa mutum fatan alheri ka wuce harkarka. Tsammani ya fi nauyi, domin da lissafi a cikinsa: mai tsammanin baƙo yakan sa a share ɗaki, a ƙara hatsi a turmi. Imamu Gazali ya yi irin wannan rarrabewa a Ihya'u da misalin manomi. Wanda ya sami ƙasa mai kyau, ya zuba iri, ya ba shi ruwa, sannan ya zauna jiran amfani, shi ne mai kyakkyawan fata. Wanda ya watsa iri a kan fako ya koma yana jiran girbi, ruɗin kai ne ke ɗawainiya da shi. Bahaushe ya taƙaita rabin maganar da cewa tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Sai dai wannan awo yana da sauƙi a gona, inda kowa ya san watan shuka. Idan abin da ake jira ba shi da sanannen wata fa? Nan gizo ke saƙar. A duk tsawon ƙarni na 19 da wuya ka sami malami a Sakkwato ko Kano da ke musun zuwan Mahadi. Abin da aka yi ta ja-in-ja a kai shi ne yaushe, da kuma wane ne ke da ikon cewa lokaci ya yi.

Lissafin daga Masar ya zo. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ba baƙo ba ne a wurinmu: rabin Tafsirin Jalalaini da ake ja kowane azumi aikinsa ne, kuma tun yana raye ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. A zamaninsa shekara ta 1000 bayan Hijira tana ƙaratowa, magana ta bazu cewa duniya ba za ta haura ta ba. Sai ya rubuta wani ɗan littafi, Al-Kashf, don ya kwantar wa mutane da hankali. Ya tattara ruwayoyi ya nuna al'umma za ta wuce shekara 1000, amma ƙarin ba zai kai 500 ba, kuma a cikin ruwayoyin da ya kawo akwai masu nuni da bayyanar Mahadi a 1200 ko 1204. Littafin da aka rubuta don kashe firgici a Alƙahira shi ne, bayan kusan shekara 300, ya hura wutar jira a Gobir da Zamfara. Suyuɗi ɗage wa'adi ya yi, wa'adin da aka ɗage kuwa yana nan tafe.

Shekarar 1200 ta kama a watan Nuwamba na 1785. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ɗan shekara 30 da 'yan kai, yana yawon wa'azi, ya kusa shiga shekarunsa na Zamfara. Masu sauraronsa sun san jangali, sun san gaisuwar da ake kai wa alƙali kafin ya duba ƙara, sun san yadda ake kwasar dukiyar talaka a kasuwa da sunan sarki. Ruwayoyin sun ce Mahadi zai zo ne bayan zalunci ya game ƙasa, ya maye gurbinsa da adalci. Mai karatu ya lura da abin da wannan ke yi wa tunanin wanda ake zalunta. A da, duk sabon haraji ƙarin dalili ne na yanke ƙauna. Yanzu ya zama ƙarin shaida cewa sauƙi ya kusa. Wahalar ba ta ragu da ko ƙwayar gero ba, amma ta sami ma'ana da iyaka, kuma mutumin da ya yarda wahalarsa tana da iyaka yakan iya ɗaukar kasadar da mai yanke ƙauna ba zai ɗauka ba.

Jagororin jihadi sun san ƙarfin wannan, sun kuma yi aiki da shi. Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙul Maisuri cewa a farkon shekarun yaƙi Shehu ya aike shi Birnin Gada ya gana da shugabannin jama'ar gabas, ya kai musu albishir cewa zuwan Mahadi ya ƙarato, jama'ar Shehu ce ke share masa fage, kuma wannan jihadi ba zai yanke ba har ya bayyana. A lokacin jama'a tana cikin yunwa da annoba, ta riga ta sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa ɗimbin mahaddata. Rundunar da ba ta da albashi ba ta da sito, da irin wannan albishir ake riƙe ta.

Amma wutar da ta dafa tuwo ita ke cin ɗaki. Mutane suka fara cewa ai Shehun ne da kansa Mahadi. Ya musa, kuma ya musa da hujjojin da ɗan makarantar allo zai iya bi: Mahadi sunansa Muhammadu ɗan Abdullahi, shi kuwa Usmanu ɗan Muhammadu; Mahadi daga gidan Annabi zai fito, a Madina za a haife shi, shi kuwa a Maratta aka haife shi, a ƙasar baƙar fata. Wajen 1813 wani mai suna Hamma ya yi da'awar shi ne Mahadi a Maganga, ya tara mabiya, sai da aka murƙushe shi da ƙarfi. A 1814 Shehu ya rubuta Tahzirul Ikhwan yana gargaɗin 'yan'uwa game da masu irin wannan da'awa, kuma a ciki ya yi abin da ba kasafai jagora mai nasara ke yi ba: ya janye maganarsa. Ya bayyana cewa lokutan da ya riƙa ambatawa a wa'azinsa na baya bin Suyuɗi ya yi, kuma bayan bincike ya tabbata babu wanda ya san lokacin a kan yaƙini. Ya bar imani da zuwan Mahadi yadda yake, ya cire masa kwanan wata. A ganina wannan yana cikin muhimman hukunce-hukuncen siyasa da aka yanke a farkon daular, ko da yake a rigar ilimi ya zo. Mai neman tumɓuke mulki yana bukatar gobe ta matso. Wanda mulki ya dawo hannunsa, ga alƙalai da zai naɗa, ga ganuwa da zai gina, yana bukatar ta ɗan ja baya.

Magadansa sun gāji wannan matsala ba tare da sun gāji kwarjininsa ba. Bello, da ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya rubuta wa Modibbo Adama na Fombina yana umurtarsa da ya riƙa aika 'yan leƙen asiri ta kudancin Wadai da Darfur zuwa bakin Nilu, su riƙa kawo labari. Dabara ce mai kyau: an mayar da jira aikin hukuma. Ga ma'aikata can suna dubawa, kai talaka zauna ka yi noma, in lokaci ya yi daga fada za ka ji. Duk da haka a zamanin Abubakar Atiku, tsakanin 1837 da 1842, masu kwasar iyali su yi gabas sun yi yawan da sai da Sarkin Musulmi ya fitar da sanarwa cewa lokacin hijira bai yi ba, tunda har yanzu da sauran alheri a cikin jama'a.

Don a gane abin da ya tayar wa masu mulki hankali, sai a tuna cewa a wancan zamani ƙasa ba ta da tsada, mutum ne ke da tsada. Daji yana nan ko'ina. Arzikin sarki shi ne yawan gidajen da ke noma, masu biyan kuɗin ƙasa, masu tsaron ribaɗi a bakin iyaka. Talakan da ya ɗaure kayansa ya tafi ya fi mai tawaye illa, don mai tawaye ana iya cin sa da yaƙi a mayar da shi gona. Ga kuma wani ƙulli: hanyar zuwa tarbar Mahadi ita ce dai hanyar hajji, ta Barno da Bagarmi da Wadai da Darfur da Kurdufan. Wane sarkin Musulunci ne zai fito fili ya hana mutum tafiya Makka? Wannan ya sa jayayyar ta koma kan alamomi. A wajen 1857 wani malami Bafillace, Sharifuddin, ya ratsa Barno da taron da ya yi ta kumbura a hanya, har Sarkin Bagarmi Abdulƙadir ya fito ya tare shi, aka gwabza, sarkin ya mutu a fagen fama. Malamin ma bai kai ko'ina ba, an kashe shi a gaba kaɗan, taron ya watse, wasu suka mutu, wasu aka kama su bayi.

Sai ƙarni ya sake juyawa. A watan Yuni na 1881, ana saura kaɗan shekara ta 1300 ta kama, Muhammad Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a tsibirin Aba da ke kan Farin Nilu. Wannan karon ba jita-jita ba ce. Ya ci El Obeid a farkon 1883, ya hallaka rundunar Hicks a ƙarshen shekarar, ya ci Khartum a Janairun 1885. Kuma daga bakin Nilu ya fito, daidai inda aka ce a sa ido.

A gidan Shehu kansa aka rabu biyu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, wanda ya bar Sakkwato ya zauna a Balda cikin ƙasar Adamawa, arewacin Kamaru a yau, ya yi mubaya'a ta wasiƙa, Mahadin kuma ya naɗa shi wakilinsa a kan ƙasashen yamma. Hujjar Hayatu mai kaifi ce: kakanmu ya ce mulkinmu riƙon ƙwarya ne kafin mai abu ya zo, to ga mai abu ya zo. Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba bai karɓa ba. Maryamu 'yar Shehu, wadda a lokacin tana cikin 'ya'yansa na ƙarshe da suka rage a raye, ta rubuta wa Sarkin Kano game da masu tashi suna cewa lokaci ya yi. Ba ta ƙaryata hijirar ba. Ta ma tabbatar cewa mahaifinta ya faɗe ta, har ta lissafa zangon da ya ce za a bi. Abin da ta ce shi ne bai faɗi lokaci ba, alamomin da ya ambata, irin su fari da fitina mai game ƙasa, ba su cika ba, saboda haka a tsare hanya. Ana iya karanta wasiƙar a ce gidan sarauta ne ke kare gadonsa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya tuna abin da ya sami mabiyan Sharifuddin ba zai yi saurin cewa tsohuwar son kai kawai ta yi ba.

Ƙarshen Hayatu bai yi kyau ba. Ya haɗa kai da Rabe, wanda shi ma tutar Mahadiyya yake ɗauke da ita, ya auri 'yarsa Hawwa, suka ci Barno a 1893. Ya zaci daga nan sai Sakkwato. Sai ya tarar da kansa kamar ɗaurarre a Dikwa. Da ya yi yunƙurin ficewa a 1898, Fadlallah ɗan Rabe ya bi shi ya kashe shi. A shekarar nan ce kuma Turawan Ingila suka karya daular Mahadiyya a Umdurman. Mahadin kansa ya riga ya rasu tun Yunin 1885, wata 5 bayan cin Khartum, bai kai Makka ba balle ya game duniya da adalci. Mai lissafi da hankali zai ce a nan tsammanin ya kamata ya mutu. Bai mutu ba, domin ga wanda bai yarda da Muhammad Ahmad ba, faɗuwarsa tabbaci ce cewa na gaskiyan yana nan tafe. Ga wanda ya yarda da shi kuwa, abin da ruwayoyi suka ce zai biyo baya shi ne Dujal, sannan saukowar Annabi Isa. Da Nasara suka ɓullo ta kudu da bindigoginsu, ba a sha wahalar sama musu gurbi a cikin labarin ba.

Wannan ya dawo da mu 1903. Kafin a yi karo a Giginya an yi shawara a Sakkwato, kuma hanyoyi uku ne a gaban mutane: yaƙi, sulhu, ko hijira. Bayan an sha kashi, Attahiru ya ɗauki ta uku. Waziri Buhari ya ɗauki ta biyu, ya koma ya yi aiki da Turawa, daga baya ya rubuta risala ga ma'abota ilimi yana bayanin dalilinsa: idan kowa ya tafi, wa za a bar wa raunana da ba za su iya tafiya ba, kuma me zai hana ƙasar da aka sha wahalar musuluntarwa ta koma yadda take? Ya dogara da halaccin yin biyayya da baki ga mai ƙarfi alhali zuciya ba ta tare da shi, har Allah ya kawo sauyi. Mai karatu zai ga cewa shi ma Waziri jira yake yi. Mutanen biyu sun yarda mulkin Nasara mai wucewa ne. Sun saɓa ne a kan inda ya kamata a zauna a jira wucewarsa.

Attahiru ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau, taro yana ƙaruwa. Sarkin Misau Ahmadu ya bi shi, haka Sarkin Bida Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, da Tijjanawan da Faransa ta koro daga Segu, cikinsu har da Alfa Hashim wanda daga baya ya zauna a Madina. Suka dosa Burmi a bakin Gongola, kusa da Dutsen Bima, wurin da aka daɗe ana danganta shi da labaran Mahadi. Garin kansa na masu Mahadiyya ne. Malam Jibrilla Gaini ne ya kafa shi, kuma Turawa sun kama shi a 1902. A tsakiyar watan Mayu mutanen Burmi suka kori rundunar farko da ta zo musu. Ranar 27 ga Yuli ta biyu ta iso da manyan bindigogi. Aka wuni ana yaƙi, Manjo Marsh da ke jagorantar Turawa ya mutu da kibiya mai dafi, Attahiru ya faɗi tare da mutum fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya.

Bayan shekara 3 tsammanin ya sake ɓullowa, amma da wata fuska dabam, kuma wannan ita ce fuskar da littattafan makaranta ba su cika son tsayawa a kanta ba. Satiru ƙauye ne a kudu da Sakkwato, tafiyar 'yan sa'o'i, cike da talakawa da bayin da suka gudo daga gandayen masu sarauta. A 1904 shugabansu ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gāje shi, sunansa kaɗai ya isa huɗuba. Sai ga wani malami makaho, Shu'aibu Ɗan Makaho, ya iso daga yankin Dosso, inda ya riga ya tayar wa Faransawa da hankali a Kobkitanda. Mutanen Satiru suka daina biyan haraji. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 Razdan Hillary ya nufe su da sojan doki, suka far musu da gatura da fartanya da baka, suka kashe Turawa 3 da sojoji 25, suka kwashe bindiga mai ruwan harsashi ƙirar Maxim. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da runduna, tare da dawakin Sakkwato. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Ɗan Makaho an yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato. Kisan ya yi munin da Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin mulkin mallaka kuma da shi aka yi yaƙin Umdurman, ya yi ƙorafi a rubuce kan yadda aka karkashe mutanen da kusan ba su da makami.

A Burmi jinin Shehu ne ke gaba, talakawa na biye. A Satiru talakawa ne suka ce lokaci ya yi ba tare da sun jira fada ta faɗa ba, kuma zaluncin da suke jiran a kawar bai tsaya kan Nasara kaɗai ba. Shi ya sa masu sarauta da Turawa suka ga maslaharsu ta zo ɗaya. Masana tarihi da dama suna ganin a Satiru ne aka ƙulla amanar da mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya tsaya a kanta har zuwa 1960. Sanarwar Atiku ta cewa lokaci bai yi ba ta sami sabon mai tsaro, wannan karon da bindiga.

Turawan kuwa sun kamu da nasu ciwon jiran. Shekara 20 bayan Satiru suna nan suna tsammanin Mahadi fiye da yadda wasu malamai ke tsammaninsa, sai dai su da fargaba. A 1923 suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu, wanda jama'a ke taruwa wurinsa a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, suka kai shi Buea a Kamaru, daga baya Kano, bai sami cikakken 'yanci ba sai gab da samun mulkin kai. Suka tura jami'insu Lethem ya bi hanyar alhazai har Sudan da Jidda da Masar yana shaƙo labari. Aikin da Bello ya ba Modibbo Adama ke nan, an sake shi da kuɗin gwamnatin Ingila.

(Lissafin ƙarni bai daina aiki ba. Ranar farko ta shekarar 1400, a Nuwamban 1979, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami suna shelar nasu Mahadin. Shekara ta 1500, iyakar da Suyuɗi ya ce ba za a kai ba, za ta kama ne wajen ƙarshen 2076, kuma cikin masu karanta wannan akwai waɗanda 'ya'yansu za su gan ta.)

Su kuwa mutanen Mai Wurno sun kai Nilu. Wajen 1906 suka sauka a bakin reshen da ake kira Baharul Azraƙ, kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yau sunansa yake ɗauke da shi. Sun isa inda aka ce za a sadu, suka tarar Turawan da suka baro a Burmi su ke mulki a nan ma. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, kuma hannun da aikin ke bukata sai aka same shi a wurin mutanen yamma, waɗanda Sudaniyawa ke kira Fallata ko Takari, da masu hijira da alhazan da guzuri ya yanke musu. A tsibirin Aba ma, Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadin da aka haifa bayan rasuwar uban, ya mayar da mubaya'ar mabiya gonar auduga; da yawa daga masu yi masa noma don neman albarka mutanen yamma ne. Ya yi arziki, Ingila ta ba shi lambar girma, ya zama uban jam'iyyar Umma.

Wani masanin halayyar al'umma, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan ƙauyukan Jazira, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Ya tarar da mutanen da a Sudan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, wasu har kakanninsu, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Daga inda suke zuwa bakin Bahar Maliya tafiyar kwana ɗaya ko biyu ce a mota, daga nan jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma mafi yawansu ba su taɓa ƙarasawa ba: bana bashi ya hana, baɗi auduga ba ta yi ba, wata shekarar malam ya duba ya ce da saura. Suna noman kashi-mu-raba a gonar wasu, suna riƙe da Hausarsu, suna aurar da 'ya'yansu a junansu. Da yawansu sun ƙi gina ɗakin bulo ko da suna da halin yi, sun gwammace bukka da ɗakin kara, don kada ranar tashi ta zo ta tarar da su da abin da zai yi wuyar bari.